Katakon Kawu

Kawu ya rasu ranar kasuwar Kanan Bakashe, da hantsi, mata sun jera kwanukan hatsi ƙofar injin niƙa. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinshi, a nan ba ni da ta cewa. Inda nake da ta cewa shi ne abin da masu gaisuwa suka yi da sunanshi tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Mutane sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Sun zo daga Mayahi, daga Tasawa, daga Korgom, wasu bisa moto, wato babur, wasu bisa amalanke. Makaɗan kokowa sun zo ba ganguna, hannuwansu na reto, sun rasa inda za su aje su. Tsofaffin 'yan kokowa, ƙartai masu wuya kamar turmi, suka zube bisa tabarmi suna share hanci da bakin rawani. A cikin gida wata tsohuwa ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana tsawa?" Muka yi dariya cikin kuka, don Kawu bai iya magana a hankali ba. Inji ya cinye mashi kunne, ko ina kwana zai ce sai kaji sun watse.

Ni ina zaune cikin mata, bayana jingine da dangar kara, maza na ɗaya gefen. Komi suka faɗa ina ji. Wani ya ce ba a taɓa mai horon 'yan kokowa kamarshi ba a ƙasar nan. Gaskiya ne. Wani ya ce duk sirrinshi na cikin katako. Sai babban ɗanshi, taubashina, wanda ke riƙe da injin tun Kawu na kwance, ya gyara murya ya ce in an gama girbi za a haɗa kokowa don tunawa da Tsoho, kuma jikan da Tsoho ya rena da hannunshi shi zai shiga fili da sunan gida. Maza suka ce madalla, madalla.

Jikan nan ɗana ne, ɗan fari. Ba na kiran sunanshi da baki, ba kuwa zan fara a takarda ba. Da aka yaye shi gidan Kawu aka kai shi, can ya girma, can ya koyi kokowa. Ƙafarshi ta hagu ta lalace tun kafin damina: daga ƙugu har babban yatsa, wani lokaci wuta, wani lokaci kamar ba tashi ba. Majo, ma'aikacin asibitin da ya duba shi, ya ce jijiya ce ta danne a baya, ya ce in wani ƙato ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, yana iya tashi, yana kuma iya zama na shimfiɗa har ƙarshen ranshi. Taubashina ya san da wannan. Gabanshi aka faɗa. Shi ne yake cewa a sa shi fili don tunawa da Tsoho.

Bari in faɗi mene ne katakon nan, don masu yabonshi yau ba su san abin da suke yabo ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya yi kokowa da ƙuruciya, ba wani shahararre ba ne, shi da bakinshi yake cewa ƙasar da ya sha ta fi wadda ya ba wasu. Da gwiwa ta fara yi mashi gardama sai ya sayar da shanun nomanshi ya kafa injin niƙa. An ɗaure injin bisa gungumen gawo, a gefe kuma akwai wani faffaɗan katako haɗe da gungumen, inda mai niƙa ke tsayawa ya zuba hatsi. In inji ya tashi katakon na karkarwa, karkarwar na hawa ƙafa. Kawu ya lura da abu biyu a jikinshi. Da safe, in ya ɗan tsaya a kai ya sauka, sai ƙafafu su yi mashi sakayau, jini na gudu, kamar ya yi tsalle ya taɓa rufi. Ranar kasuwa kuwa, in ya wuni a kai, da marece baya ya ƙage, tafin ƙafa ya mutu, hannu ya kasa riƙe lomar tuwo. Kuma katakon dai shi ne. Daga nan ya fara ɗora 'yan kokowarshi a kai, kaɗan-kaɗan.

Na sha gani, don can nake kai niƙa. Ba takalmi. Gwiwa a lanƙwashe kamar wanda zai kai kamu, duga-dugai sama kaɗan. Shi kuma ya tsuguna ya dafa cinyar mutum, yana sauraren naman da hannu tunda kunne babu. Tun kwano guda bai gama niƙuwa ba sai ya buga cinyar: "Sauka!" Mutum ya sauka, ya taka, ya yi tsalle, ya huta, in an ga dama ya sake hawa. In wani ya miƙe gwiwa sai zagi: "Lanƙwasa, ɗan banza! So kake ta hau maka kai? Kan naka da ma mi ke cikinshi?" Wanda ya wuni gona ba ya hawa. Wanda bayanshi ke ciwo ba ya hawa. Wanda ya hau yau, gobe sai dai kallo. Kuma ba mai kusantar katako sai ya yi gudu cikin rairayi, ya je rijiya ya ja guga ya shayar da shanun Fulanin da ke zango bayan gari. Fulanin har ba'a suke yi mashi, wai Allah ya ƙaro mashi almajiran ƙarfi su huta. Yana cewa katako tada nama kawai yake yi, kamar yadda ake tada mai barci, in ba naman kuwa mi za a tada?

Mutanenshi sun yi suna da saurin tashi. Kafin abokin karo ya gama gyara tsayuwa sun shige ƙarƙashinshi. Gari ya ɗauka asiri ne, wai an binne wani abu ƙarƙashin katakon. Kawu bai taɓa cewa eh ba, bai kuma taɓa cewa a'a ba. Sai ya yi murmushi ya tauna goro. Yana jin daɗin abin, ni na sani.

Moto kuwa ya tsane ta kamar ta zagi uwarshi. Ba ɗan kokowarshi da ke hawa moto ranar karo. Ko a tafi tun jajibiri a kwana can, ko a sauka nesa da gari a ƙarasa da ƙafa. Wata shekara ana kokowa a Atantane, gwarzon yaranshi ya makara, ya hau moto ya biyo gargadar hanyar nan ya iso ana cikin kiɗa. Makaɗa suka hango shi suka ɗauki takenshi, fili ya ruɗe. Kawu ya tare shi bakin da'ira ya ce, "Tsaya da ƙafa guda." Ya tsaya, sai ga shi yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Kawu ya ce, "Kai ka iso, ƙafarka na can hanya. Zauna ka jira ta." Masu gari suka roƙa, makaɗa suka roƙa, mutumin ya yi rantsuwa ya yi kumfar baki. Bai shiga ba. A ranar garinmu ya koma ba kaye ko ɗaya, aka yi ta zagin Kawu har cikin amalanke, shi kuwa da ma ba ya ji.

Ina da abin da ba zan manta mashi ba. Da aka kawo karatun manya garinmu, rumfar da aka ba mu tana jikin injin. Mun shiga mu mata da furfurarmu, dangin miji na dariya, wai tsofaffin awaki sun tafi lakwal koyon boko. Mushe, wato malamin da ke koya mana, yana buɗe baki muna ganin haƙora, ba ma jin komi don ƙarar inji. Ba wanda ya roƙi Kawu. Ya leƙo ya ga muna miƙa wuya, ya koma ya kashe injin. Haka ya riƙa yi duk ranar karatu har muka gama. Masu jiran niƙa na tsine mashi, shi ko yana zaune bisa buhu yana cewa, "Ku jira. Ɗiyar ƙanwata na zama malama." Hannun da ke rubuta wannan, shirun injin nan ne ya yi shi.

Amma mun yi faɗa, kuma har yau ban janye ba. Wata rana ina tsaye da kwanona na ce, "Kawu, ka riƙa gaya masu dalili mana. Kai dai daga hau sai sauka."

"Mi?"

Na ƙara da ƙarfi, har mata suka juyo.

Ya ɗaga hannu ya nuna mani. "Dalili na nan. In kowa ya sani, wa zai zo wurina?"

Na ce, "Hannun da ba ya riƙe goro?"

Don a lokacin yatsunshi sun riga sun mutu. In sanyi ya shigo sai su yi fari fat kamar ɓararren rogo, carbi na zamewa yana faɗuwa bai sani ba, matarshi ke ɓalla mashi goro ta sa mashi a tafi. Cinyar 'yan kokowa ma da bayan hannu ya koma dafawa. Mutumin da ba ya barin kowa ya daɗe bisa katako, shi ya ƙare rayuwarshi a kai, don gida na cin tuwo. Maganata ta soke shi. Duk sanyin shekarar bai amsa gaisuwata ba. Garina dai kullum ya fi na kowa laushi, ya aiko mani ba tare da ya dube ni ba.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Ɓarin jikinshi ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Dalilin da ke cikin hannu ya kwanta tare da hannun. Aka bar katako da mutanen da suka yi imani akwai asiri a ƙarƙashinshi.

Taubashina ya kawo inji wanda ya fi na da girma, ya fi shi haukan jijjiga, ya mayar da katakon jikinshi. Tunaninshi gajere ne: in kaɗan ya yi amfani, da yawa zai fi. Ku kuma mazan garin nan, ba abin da za a aje gabanku ba ku mai da shi gasar wa ya fi juriya ba. Barkono, rana, ƙishirwa, yanzu katako. Aka koma wa zai tsaya har a gama niƙa buhu. Aka koma tsayawa gwiwa a miƙe kamar soja, wai lanƙwasawa ragonci ne. Aka koma ɗora buhun rairayi a kafaɗa. Da la'asar gari ya taru ana tafi, masu tallan gyaɗa na ciniki, wanda ya sauka a yi mashi ihu a ce mace ne. Na ga wani ya sauko yana amai, idanunshi na rawa, ana dariya.

Ɗana shi ke cinye gasar kullum, ai jikan Tsoho ne. Da rana yana kabu-kabu tsakanin garinmu da Mayahi, moto na dukan ƙugunshi tun safe, da marece ya sauka daga wannan jijjiga ya hau waccan. Za ku ce shi da ya girma gaban Kawu ai ya san doka. Bai sani ba. Tun yana ƙarami bai taɓa sauka don kanshi ba, kullum sai an buga mashi cinya. Da hannun ya tafi, sai ya tsaya bisa katako yana jira.

Ɗakin da Kawu ke kwance ba nisa da injin. Kunne babu, amma ƙasa na kawo mashi jijjigar har gadonshi, kuma ya san bambancin niƙan hatsi da wannan hauka. Da an fara sai ya ɗaga hannunshi mai lafiya ya riƙa dukan cinyarshi, yana duka, yana duka, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace. Masu zuwa dubiya suka ce, "Allah sarki, Tsoho na taya su kiɗa." Kiɗa! Mutum na ihun a sauka da iyakar abin da ya rage mashi, ku kuna cewa kiɗa.

Na samu taubashina na gaya mashi. Ya mai da abin wasan da ke tsakaninmu, ya ce tun yaushe baiwar gidansu ta zama sarkin kokowa. Na samu dattawan gida, suka ce uwa ba ta sa baki a maganar ɗan fari, in kama kaina. Na aika matar ɗan nawa ta gaya mashi, ya ce ta gaya mani lahiyarshi lau. Haka aka yi ta yi har ranar da ya zo sauka daga moto ƙafar ta ƙi ɗaukarshi. Bayan maganar majo ya bar katako, ya rage hawa moto, ƙafar ta fara ɗan dawowa. Sai ga rasuwa, sai ga madalla, madalla.

Ranar sadakar bakwai, an shafa fatiha ana rabon waina, na ja mayafina na fita ƙofar gida inda maza suke. Ban taɓa yi ba. Na tsaya bakin tabarmi na ce, "Taubashi, ka ci gado, ka ci waina, yanzu ɗana za ka ci?"

Maza suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasan taubasai ne. Shi ma ya washe baki. "Kai, wa ya kwance baiwar gidanmu? Ku ba ta waina ta koma."

"Yau ba wasa ya kawo ni ba. Gabanka majo ya yi magana ko ba gabanka ba?"

Dariyar ta tsaya. Liman ya ce, "Baiwar Allah, ki shiga ciki, in da magana a aiko."

"Na aika, Malam. Na aika har na gaji."

Daga bakin zaure wata gwaggonmu ta ɗaga murya: "Ke! Ɗan fari ne fa! Ina kunyarki?"

Na juya na ce, "Gwaggo, kunyar nan na riƙe ta tun ranar da na haife shi. Ban kira sunanshi ba, ban ɗauke shi gaban mutane ba, ya yi kaye ban yi guɗa ba. In aka kwantar da shi, kunya za ta riƙa juya shi bisa shimfiɗa? Ko waɗannan masu madalla za su zo su riƙa kai shi bayan gida?"

Taubashina ya ɓata fuska. "Don girman Tsoho muka shirya abin nan. Ke kin fi mu son shi?"

"Tsohon da ya mutu yana dukan cinyarshi? Kai ka san abin da yake cewa. Ka sani, ka ƙara ma inji wuta."

Ɗana na zaune cikinsu, kanshi a ƙasa, jijiyoyin wuyanshi sun tashi. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, ki shiga gida. Lahiyata lau. Ni na ce zan yi."

Na ce, "To taso ka raka ni."

Ya tashi, don ya kawar da ni daga idon mutane. Ya zura takalmanshi bakin tabarma ya nufo ni da sauri, yana taka ƙasa da ƙarfi don kowa ya gani. Tsakiyar fili takalmin hagu ya zame ya tsaya cikin rairayi. Shi ko ya ci gaba da tahowa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tsirara bisa rairayin da rana ta gasa, bai sani ba. Ni ban shirya wannan ba, Allah ne shaidata. 

Wani tsohon ɗan kokowa na Korgom, wanda ya yi zamani da Kawu, ya dafa ƙasa ya miƙe, ya je ya ɗauki takalmin. Ya ce, "Samari. Takalminka."

Ɗana ya dubi hannun tsohon, ya dubi ƙafarshi. Ya daɗe yana dubanta.

Tsohon ya juya wurin taubashina ya ce, "Ni ba ni da yaron da zan kawo ya kama wanga. In ka sa shi fili, mu mutanen Korgom ba mu zuwa." Na Tasawa suka ce su ma haka. Babban makaɗi ya ce shi gangarshi ba ta kiran gurgu ya zo a ƙarasa shi. Kalmar ta yi mani zafi, amma na bar ta ta zauna, don ta yi aikin da tawa ba ta yi ba. Taubashina ya kakkaɓe riga ya ce, "An ji." Ko kallona bai yi ba.

Katakon na nan har yau, samari na hawa da la'asar, sai dai an rage tafi. Duk wadda ɗanta ke zuwa can, ta sa a karanta mata abin da na rubuta a sama: gwiwa a lanƙwashe, ɗan lokaci kaɗan, hutu a tsakani, ban da mai ciwon baya, ban da wanda ya wuni bisa moto. Ba komi a ƙarƙashin katakon sai ƙasa da dusa. Da Kawu ya faɗi haka da bakinshi tun yana da baki, da ban tsaya gaban maza ba. Allah ya gafarta mashi wannan shirun tare da sauran kurakuranshi, ya saka mashi da alherin wancan shirun da ya yi mana muka yi karatu, ya shimfiɗa mashi ƙasa mai sanyi wadda ba ta motsi. Ni dai ban gama fushi da shi ba, kuma ina kewar tsawarshi.

Ɗana ba zai shiga fili bana ba. Wataƙila ba zai ƙara shiga ba har abada. Ya aiko matarshi ta gaya mani na tuɓe shi gaban maza, kuma gaskiya ne, na tuɓe shi. Tuwon da na aika mashi ya dawo a rufe. Jiya da safe ya wuce ƙofar gidana bai yi sallama ba. Na fito na bi bayanshi da kallo har ya sha kwanar masallaci. Yana ɗan jan ƙafar, amma ba wanda ke riƙe da shi.